ME YA SA AKE HAƊA GISHIRI DA SUKARI?

Makon jiya wani ya aiko yana tambaya, wai don me likitoci ke cewa a ba mai zawo ruwan gishiri da sukari, alhali sukari ba magani ba ne. Na ga ya kamata in amsa, gama da daminar bara na ga uwa ta hana ɗanta ruwa don kada zawo ya ƙaru, har yaron ya kusa halaka.

Ku sani jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da tantani kewaye da ita kamar ganuwa. Sai an jera irinsa wajen 10,000 kafin su kai kaurin takarda. Iskar da muke shaƙa takan ratsa shi ba wuya, amma gishiri da sukari sai ta ƙofa.

Shi kuwa ruwa, inda gishiri ya fi yawa can yake bi. Ku barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa, za ku ga ruwa ya tsattsafo.

To, a cikin hanji akwai wata ƙofa wadda ba ta buɗe wa gishiri sai ya zo tare da sukari. In suka shiga, ruwa ya bi bayansu zuwa jini. Wani masani Ba'amurke, Robert Crane, shi ya bayyana wannan a 1960. Kwalara takan sa hanji ya yi ta zubar da ruwa, amma ba ta rufe ƙofar nan. A 1971 Likita Dilip Mahalanabis ya ba 'yan gudun hijira wannan ruwa a ƙasar Indiya, masu mutuwa suka ragu daga wajen 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4.

Ga awon: tafasasshen ruwa lita 1 wanda ya huce, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a zarce, don sukari in ya yi yawa sai ya janyo ruwa daga jiki, zawo ya ƙaru. A riƙa ba yaro kaɗan kaɗan, a ci gaba da ba shi nono, a kuma hanzarta kai shi asibiti.

Wanda ya karanta ya gaya wa matan gidansa. Allah ya ba mu lafiya, amin. Haza wasalam.