Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: a faɗa mana matan da haihuwa ke kashewa

Kowane manomi ya san amfanin ƙidaya. In an ƙare girbi, maigida yakan ƙirga dammunan hatsinsa kafin ya rufe rumbu. In ya samu dami 60, ya ce wa iyali 100 ne don a yabe shi, yunwa za ta tona asirinsa tun damina ba ta yi nisa ba. Haka sha'anin lafiyar jama'a yake. Ƙasa ma tana da ƙidayarta, kuma babba daga ciki ita ce ta matan da ke rasuwa wajen haihuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wadda ake ƙirgawa: macen da ta rasu da ciki, ko wajen haihuwa, ko cikin kwana 42 bayan sauka, in dai cikin ne sanadi. Ke nan kusan duk kwanakin jego suna cikin lissafi. Abubuwan da suka fi kashe su sanannu ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ƙwayoyin cuta ke kawowa bayan haihuwa. Mafi yawansu suna da magani in an kai mace gidan likita da wuri.

Amma ƙidaya ba ta yi wa kowane mai mulki daɗi. Mu dubi abin da ya faru a Benezuwela, wata ƙasa mai arzikin man fetur a Amurka ta Kudu. Gwamnatinta ta yi kusan shekara biyu ba ta fitar da rahoton cututtuka ba. A watan Mayu na 2017, ma'aikatar lafiya ta fiddo shi. Rahoton ya nuna mata 756 suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a 2016, ƙarin kusan kashi 65 cikin 100 bisa ga shekarar 2015. Mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kashi 30 cikin 100. Ƴan kwanaki bayan haka, shugaba Nikolas Maduro ya sauke ministar lafiya, Antoniyeta Kaporale. Sauke ta bai tayar da mace ko ɗaya daga kabari ba, bai kuma kai magani ko jini asibiti ba.

Ingila kuwa wata hanya ta bi. A 1952 ta kafa tsarin bincike kan kowace macen da haihuwa ta kashe. Ba a bayyana sunan mamaciya ko na likita. Abin da ake nema shi ne inda aka yi sake, don kada a sake.

Akwai masu cewa faɗin irin wannan adadi tonon asirin ƙasa ne, kuma zai tsorata mata su guji asibiti. Mun ji, amma ba mu yarda ba. Mutanen gari sun riga sun san wadda aka kai makabarta. Wanda ake rufe wa ido shi ne mai rabon kuɗi da kayan aiki. In bai san zubar jini ke kashe mata a wata gunduma ba, ina zai san ya aika jini da magani can? In bai san a hanya suke cikawa ba, ina zai san motar ɗaukar marasa lafiya ake buƙata?

Mu ma a Nijar ƙidaya ta yi mana rana. Binciken ƙasa na 2006 ya nuna mata 648 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100.000. Na 2012 ya nuna 535. An samu sauƙi, amma da sauran tafiya: burin da ƙasashen duniya suka ɗauka shi ne a sauko ƙasa da 70 kafin 2030. A 2005 gwamnati ta yanke cewa aikin fiddo jariri ta tiyata ya zama kyauta. Ƙidaya ta gaskiya ce kawai za ta nuna mana ko wannan doka ta kai ga matan ƙauye.

Saboda haka muna kira ga duk mai riƙe da mulki, yau ko gobe: a fitar da adadi a kan lokaci, mai daɗi da marar daɗi. Kada a tsananta wa malamin asibiti ko ungozoma don sun rubuta gaskiya. Ma'aikacin da ke tsoron rasa aikinsa zai ɓoye, kuma ɓoyon zai ci wata ɗiyar.

Mu ma da namu nauyi. Da yawa cikin matanmu a gida suke rasuwa, a rufe su ba a rubuta ko'ina ba. In haka ta faru, bayan ta'aziyya a sanar da maigari da gidan likita mafi kusa. Ku da kuka koyi rubutu a makarantar yaƙi da jahilci, ku samu littafi ku riƙa rubutawa: ranar rasuwa, shekarun mamaciya, inda ta cika, da abin da ya same ta. Maza kuma mu kai matanmu awon ciki, mu tanadi kuɗin mota tun wata bai kama ba.

Rai da ajali na Allah ne, amma neman magani wajibinmu ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sauki masu ciki lafiya.