Shaidar Riga a Kan Samarin Adar

Malaman da suka gabata sun yi magana mai tsawo a kan firasa, kuma dattawan ƙasar Adar, ko da yake galibinsu ba su buɗe littafi a kan wannan fanni ba, sun daɗe suna aiki da shi a bakin kasuwa da ƙofar masallaci, ta yadda a zamanin da in baƙo ya sauka a Tama ko Buza ko Madawa, kafin ya ƙare sallama an riga an san Buzu ne ko Bafillace, maƙeri ne ko mahauci, almajiri ne ko ɗan sarauta, domin naɗin rawaninsa da tsagar fuskarsa da irin takalmin da ya tako sun riga bakinsa bayani. Wannan ilimi shi ne ya kuɓuce wa dattawanmu a yau game da ƴaƴan cikinsu. Da ya kuɓuce musu kuwa sai suka koma ga hukunci na jimla, wani ya ce ƴan zamani, wani ya ce ƴan zaman kashe wando, wanda harshensa ya fi kaifi ya ce ƴan iska, alhali waɗanda ake yi wa wannan kuɗin goro ɗabaƙoƙi ne dabam-dabam, waɗansunsu ma ba sa ga maciji da juna.

Turawa sun riga mu shiga wannan mas'ala. A Amurka mujallar Newsweek ta laƙaba wa shekarar 1984 sunan samarin birni masu manyan takardu da albashi mai kauri, waɗanda suke kira yupi, daga baya kuma aka yi ta jayayya a kan waɗansu masu tsayar da gemu da sa tsofaffin tufafi da gangan a unguwannin Burukilin. Amma mu ba mu da buƙatar aron misali daga ƙetare, domin marigayi Mustapha Alassane, wanda ya yi ƙarshen zamansa a Tawa, ya riga ya zana mana namu tun muna ƴan yara. A fim ɗinsa na 1966 wani saurayi ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sa malafuna suka hau dawaki suka hana ƙauyensu sakat; a na 1972 kuwa, wanda ya sa wa suna FVVA, ya yi zambo ga sabon ma'aikacin da ya taƙaita burinsa na duniya a kan mata da gidan bene da mota da kuɗi. Duk wanda ya zauna a tashar Madawa da la'asar zai ga jikokin waɗannan biyu suna sauka daga mota.

Na farkonsu shi ne ɗan bida, wato mai tafiya ci-rani, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin babu gida a Adar da bai da nasa, tun zamanin da kakanninmu ke taka sayyada zuwa Kumasi har zuwa yau da ƴaƴanmu suka cika Ajame da Abobo, inda sayar da garba, wato garin rogo da soyayyen kifi, ya daɗe yana hannun mutanen Nijar. Sai dai ɗan bida ma ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fito Abijan yakan zo da matsattsen wando da takalmi mai tsini da turare mai riga shi shiga zaure, Faransancin titi yana kutsowa cikin Hausarsa, kuma in an yi biki ya fi kowa liƙi, ɗabi'ar da ya gani a wurin masu kiɗan da Douk Saga ya shahara da shi a farkon shekarun 2000. Wanda ya fito Libiya, musamman bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, ya fi shi ƙarancin magana, yana da jallabiya da ɗan Larabcin leburanci, kuma akwai abubuwan da ya gani a hanyar Agadas zuwa Sabha waɗanda ba ya faɗa ko ga mahaifiyarsa. Sa'an nan ga na uku wanda bai daɗe da bayyana ba, ɗan zinariya, tun da aka buɗe ramukan zinariya na Jado a 2014: wannan ko dai ya komo da abin da zai sayi babur uku rana ɗaya, ko ya komo da tari da bashi, tsakiya ba ta da yawa a wannan sana'a.

Da a ce kowa zai tsaya a cikin rigarsa, da aikin mai firasa ya yi sauƙi. Illar ita ce riga ta daina zama shaida mai karɓuwa, saboda dilar gwanjo da kayan Sin sun daidaita mai shi da marar shi, har yaron da bai taɓa wuce Galmi ba, wanda duk rani yana duƙe a garkar albasa, yana iya fitowa ranar Sallah a Abijan sak, daga tabarau har agogo. Dubi mas'alar gemu da ɗangalallen wando. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 kuma da'awarta ta ƙetaro iyaka ta Ƙonni da Maraɗi, waɗannan biyu sun zama tambarin ustazai, masu kafa hujja da sunna. Yau kuwa ɗan gaye ma ya tsayar da gemu, wanzami ya daidaita masa shi da reza kamar an ja layi, wandonsa ma bai kai idon sawu ba, don a ga safarsa. Daga nesa, da magariba, wallahi ba ka rabe su. Haka kuma rawani: tun da kiɗan garayar lantarki irin na Bombino da Mdou Moctar, wanda ɗan wannan jiha tamu ne, ya bi katin waya ya zaga ƙasa har ya kai Turai, sai ga samarin Hausawa da ba su taɓa riƙe akalar raƙumi ba suna naɗa amawali don ɗaukar hoto, su kwance shi da an gama.

Jikan ma'aikacin nan na 1972 shi ma yana nan, amma ya canza ubangida. A zamanin Kunce buri shi ne ofishin gwamnati. A wannan yanki kuwa, inda aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya tun 1975 aka kuma buɗe babban aikin raya karkara na Keita a 1984, yara sun tashi suna ganin farar mota mai tambari a ƙofa tana tayar da ƙura, suka fahimci cewa arzikin ɗan boko ya ƙaura zuwa ƙungiyoyin agaji. Alamominsa sanannu ne: kati rataye a wuya, jakar kwamfuta a baya, gorar ruwa a hannu ko da a gidan surukai, da kalmomin taron ƙara wa juna sani da ba su da fassara a wurin manomi. Amma ga malamin lakwal ɗan kwantiragi, wanda suka zauna aji ɗaya da shi a jami'ar Tawa, yana sanye da irin rigarsa, guga har ta fi tasa kaifi, alhali wata ya ƙare har an shiga wani yana jiran abin da bai kai kuɗin man motar wancan ba. Wanda ya haɗa waɗannan biyu a suna ɗaya don dukansu suna soke riga a wando ya zalunci ɗayansu.

Ni a nawa nazari, alamomi biyu ne suka rage waɗanda gwanjo bai ɓata ba, kuma dukansu a fada ake ganinsu. Wannan majalisa ta samari, wadda ta yaɗu a ƙasar nan bayan taron ƙasa na 1991 da karya darajar sefa a 1994, lokacin da takarda ta daina haifar da aiki, ita ce wuri guda da dukan ɗabaƙoƙin nan ke haɗuwa a benci ɗaya. Ka tsaya daga gefe bayan isha'i, ka ga ƙaramin cikinsu yana fifita gawayi a murhun waya da guntun kwali, yana ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi, na fari mai ɗaci, na biyu, na uku. Kada ka kalli mai dafawa, ka lura da wanda ya sa hannu aljihu lokacin da aka ce sukari ya ƙare. Ɗan Abijan zai saya kullum a watansa na fari, a na biyu ya fara duba waya in an zo wurin, a na uku a gan shi yana cinikin babur ɗinsa da ɗan kabu-kabu. Ma'aikacin agaji ba ya zama, yakan miƙo jika daga tagar mota ya wuce. Ɗan kwantiragi yana saye rana ɗaya a wata, ranar da kowa ya sani. Yaron garka kuwa, wanda ake rainawa, shi ke riƙe da fadar tun daga kakar albasa har kuɗin ya ƙare. A nan ya wajaba in yi wa fada adalci, domin mutane suna cakuɗa ta da gungun ƴan daba irin na unguwar Kara-Kara ta Damagaram, waɗanda Aïcha Macky ta nuna a fim ɗinta na 2021, alhali mafi yawan fadojinmu su ne masu gadin unguwa da dare da haƙa kabari da kai marar lafiya asibiti.

Alama ta biyu ita ce damina. In ruwan shuka ya sauka a Yuni ko farkon Yuli, kowa yana bayyana haƙiƙarsa: akwai wanda ya baro Abijan takanas don ya riƙe hauya a gonar ubansa, ya ajiye takalmi mai tsini har kaka, akwai wanda bai zo ba amma ya aiko kuɗin ƴan ƙwadago da buhun gero na cin bazara, wannan ma ya sauke farali, akwai kuma wanda yana gari, lafiyarsa ƙalau, amma hantsi ya same shi a benci yana gyara gemu a madubin babur. Biyun farko, komai munin askinsu a idon dattijo, ƴaƴa ne na gari. Na ukun, ko da wandonsa ya ɗangale bisa sunna, akwai magana a kansa.

Mai karatu zai iya cewa wannan duk hira ce, to amma ya tuna cewa a kan shaidar riga ake ɗaura aure a garuruwanmu. Galibin bukukuwa suna faɗowa ne a makonnin da ƴan bida suka sauka, aljihu cike, turare bai gushe ba, sai waliyyi ya ga babur sabo fil da akwatin lefe ya ce ya yi istihara, bayan wata biyar ango ya koma kurmi, yarinya ta zauna da ciki a ɗakin uwar miji tana jiran kiran waya shekara biyu. A gefe guda kuma an kori wani don gashinsa ya yi tsawo, alhali shi ke ciyar da gidan mutum goma. Binciken da shari'a ta ɗora wa waliyyi ba ya buƙatar tafiya Abijan. A kowace kusurwa akwai mai tebur da ke sayar wa fada sukari da ganyen shayi da taba, yana da ɗan littafin bashi na lakwal da ya naɗe a leda, kuma a cikinsa akwai sunan kowane saurayi na unguwa, da watan da ya fara cewa a rubuta, da watan da ya biya, in ya biya.