A Ba Masu Ƙasa Ilmi, A Ba Su Iko

A ranar 24 ga watan Mayu, 2020, kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto ya sa nakiya ya rugurguza kogon dutse guda biyu a kwazazzabon Juukan, cikin yankin Pilbara na Yammacin Ostireliya, domin ya faɗaɗa ramin haƙar tama. Ɗan Adam ya fara fakewa a wurin nan tun shekara 46,000 da suka shuɗe.

Kada wani ya ce mana rashin sani ne ya jawo wannan ta'asa. Tun a 2014 masana ilmin binciken kufai suka yi tono a wurin, suka fito da dubban kayayyakin mutanen da, har da kitsattsen gashin mutum mai shekara 4,000, wanda gwaji ya danganta da kakannin Puutu Kunti Kurrama da Pinikura, wato al'ummar da ke da ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Amma gwamnatin jihar ta riga ta ba kamfanin izini a 2013 bisa wata doka ta 1972, wadda a lokacin ta yarje wa kamfani ya ɗaukaka ƙara in an hana shi, ta kuma hana masu ƙasa yin haka in an ba shi. Ilmi yana nan, iko kuwa yana hannun 'yan jari-hujja. Murabus ɗin shugaban kamfanin daga baya ihu ne bayan hari.

Tun 2007 gwamnatin tarayyar Ostireliya take biyan 'yan asalin ƙasar albashi domin su kula da dazuzzukan kakanninsu, wasu jami'o'i kuma suna koya musu awon fili, da zana taswira, da rubuta bayanin zanen duwatsu. Mun yi na'am da wannan. Tambayarmu ita ce, wane irin horo? In dai kwas ne na 'yan makonni, wanda zai mai da mai ƙasa ɗan jagora, ya nuna wa shehun malami hanya, ya ɗaukar masa shebur, shi kuwa malami ya koma birni ya sa hannu a rahoto, to an koma gidan jiya: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Horon da muke nufi shi ne wanda zai kai su ga digiri, su jagoranci tono, su ajiye bayanan a hannunsu, doka kuma ta ba su ikon cewa a'a.

Masu adawa suna cewa kimiyya ba ta son mai son zuciya, mai ƙasa kuwa tilas ya karkata wajen ƙasarsa. To, shi masanin da kamfani yake biya fa, ina zuciyarsa ta karkata? Su dubi Madjedbebe a arewacin ƙasar, inda mutanen Mirarr suka ƙulla yarjejeniyar da ta ba su iko kan tonon da abin da aka tono, aka kuma fito da ƙiyasin shekara 65,000 a 2017. Su dubi Budj Bim, inda mutanen Gunditjmara suke kula da magudanan kamun kifi masu shekara 6,600, har UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan gādon duniya a 2019. Ina ɓarnar da aka yi wa kimiyya a nan? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ma wannan magana ta shafe mu, domin kuwa a ramin haƙar kuza aka fara cin karo da mutum-mutumin Nok a 1928, kuma a shekarun 1990 'yan fasa-ƙwauri suka yi ta kwasarsu zuwa kasuwannin Turai, alhali manoman yankin lebura kawai aka ɗauke su. Saboda haka muna kira ga jami'o'inmu su ware guraben karatu da tallafi ga 'ya'yan al'ummomin da ke zaune a kan kufai, kuma kada a ba kowa izinin tono sai da sa hannun masu ƙasar.