Tunawa Da Hajiya A'isha Lemu, Malamar Minna

Ranar Asabar 5 ga watan Janairu, 2019, Allah ya yi wa Hajiya A'isha Lemu rasuwa a Minna, tana da shekara 78 a duniya. Da labarin ya bazu, abin da yawancin mutane suka riƙa faɗa shi ne, ai Baturiyar nan da ta musulunta ta cika. Ba ƙarya suka yi ba, amma sun tauye mata haƙƙi, domin musuluntar tata mafarin zance ce kawai. Aikin da ta yi bayan haka, shi ne abin dubawa.

An haife ta a garin Poole na ƙasar Ingila cikin 1940, a gidan Kirista mabiya cocin Angilika. Tun tana 'yar shekara goma sha uku zuciyarta ta fara tambaya a kan addinin da ta tashi a ciki, ta shiga binciken addinan Indiya da na Sin, ba ta sami abin da ya kwanta mata ba. Har ma harshen Sinanci da tarihinsu ta karanta a Jami'ar Landan. A can ne ta gamu da ɗalibai Musulmi, suka ba ta littattafai, ta karanta, ta gamsu, ta yi kalmar shahada cikin 1961. Watau ita ba gadon Musulunci ta yi ba, karatu ne ya kai ta. Mai yiwuwa shi ya sa har ƙarshen ranta ba ta yarda a bar mace cikin duhun kai ba.

Cikin 1966, shekarar da aka kashe Sardauna ƙasa ta rikice, ta sauka Kano don koyarwa a Makarantar Nazarin Larabci. Daga nan aka mai da ita Sakkwato, ta shugabanci Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnati. Cikin 1968 aka ɗaura aurenta da Malam Ahmad Lemu, Banufen malami wanda ta sani tun zamansu na ɗalibai a Landan, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Neja. Ta kuwa tarar da uwargida a gidan. Mai karatu ya auna wannan: mace ta taso inda ko sunan kishiya ba a ambata, ta ƙetare teku, ta shiga gidan Banufe a matsayin amarya, ta zauna shekara hamsin, mutuwa ce kaɗai ta fitar da ita. Allah ya ba ta ɗa da 'ya, kuma dukansu biyu hanyar iyayensu ta ilmantar da jama'a suka bi.

Ita da maigidanta da wani abokin aikinsu suka kafa cibiyar ilmin Musulunci da aka sani da IET cikin 1969. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 sai suka koma Minna, inda ta riƙe Kwalejin Horon Malamai Mata. A wannan zamanin, yaro Musulmi da ke makarantar boko yakan sami littafin lissafi da na labarin ƙasa tsaf, amma in aka zo darasin addini sai a yi ta kame-kame, gama littattafan da ke akwai na Larabci ne, na zaure, ba a tsara su don aji ba. Hajiya A'isha ta zauna ta rubuta littattafan tauhidi da fiƙihu da tarbiyya cikin Turanci mai sauƙi, aji-aji. Da yawa daga cikin manyan ma'aikatan yau da su suka ci jarrabawa, ko da ba su lura da sunan da ke bangon littafin ba. Har maza ba ta ƙyale ba, ta rubuta musu ɗan littafi a kan siffofin miji na gari. Dā ma mata kaɗai aka saba yi wa irin wannan wa'azi.

Amma babban aikinta shi ne na 1985, lokacin da mata Musulmi masu ilmi daga sassan ƙasar nan suka taru a Minna, suka kafa Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Nijeriya, watau FOMWAN, suka zaɓe ta Amira ta farko. Kafin wannan, Bahaushiya tana nata taron a Kano, Bayarabiya tana nata a Ibadan, ba mai jin ɗuriyar wata. Ƙungiyar ta haɗa su, ta buɗe makarantu da azuzuwan yaƙi da jahilci na matan aure, da asibitoci da gidajen marayu, har mata a Ghana da Saliyo suka kafa irin tata. Masu cewa baƙon abu aka kawo sun manta da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da jajiyoyinta masu bin ƙauyuka suna karantar da 'yan taru. Hanya ce tsohuwa da ciyawa ta rufe, aka sake share ta.

Wani abu kuma da ya kamata shugabanninmu su ji: shekara huɗu ta yi a kujerar Amira, wa'adinta ya cika, ta sauka, aka naɗa Alhaja Lateefa Okunnu ta Legas. Ba ta ce ai ita ta kafa ba, sai ta mutu a kai. Ƙungiyoyi nawa ne a ƙasar nan suka bi masu kafa su kushewa saboda rashin wannan hali?

Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar girma ta MON cikin 2000. Maigidanta bai cika shekara biyu a bayanta ba, shi ma ya rasu a Minna ranar 24 ga Disamba, 2020. Allah ya jiƙansu, ya gafarta musu, ya sa Aljanna ce makomarsu, amin.