Kafin Alƙalami: Kalma Ɗaya a Akara, Biyu a Galmi

Wani ɗan kasuwa a Madina, mai sayo albasa daga Galmi ta Jamhuriyar Nijar, ya kawo mini takardar ciniki da aka rubuta da Faransanci, haɗe da fassarar Ingilishi da wani matashi ya yi masa a Nima. Matashin ya mayar da kalmar arrhes zuwa deposit, Alhaji kuwa ya ɗauke ta a matsayin kafin alƙalami. Duka ukun suna nufin kuɗin da ake fara bayarwa kafin a cika, amma ba hukunci ɗaya suke ɗauke da shi ba.

Faransanci ya raba wannan kuɗi gida biyu. Idan aka rubuta acompte, ciniki ya faɗa, abin da aka bayar wani yanki ne na farashi, wanda ya fasa kuma sai ya biya diyya. Idan aka rubuta arrhes, kowa yana da ƙofar fita, sai dai da tsada. Sashe na 1590 na kundin dokar Faransa na 1804, wanda Nijar ta gada, ya tanadi cewa mai saye in ya janye ya yi asarar kuɗinsa, mai sayarwa in ya janye ya mayar da ninki biyu. A ce Alhaji ya ba da sefa miliyan 1, farashin albasa ya tashi, manomin ya sayar wa wani: miliyan 2 yake binsa. Gana tana bin tsarin shari'ar Ingila, inda deposit ba ta san wannan ninki ba. Mai karanta fassarar zai karɓi miliyan 1, har ya yi godiya.

Ra'ayina shi ne mai fassara ya daina farautar kalma guda. Ya bar ta Faransancin a inda take, ya biyo ta da jimla mai bayyana wa zai ci kuɗin idan wani ya fasa. Masu son rubutu mai santsi za su ce takardar ta yi nauyi. Na yarda, amma alƙali a Yamai da rubutun asali zai yi aiki, ba da santsin fassara ba.

Abin da ya fi burge ni, ɗalibin Hausa ya fi kowa kusa da gane matsalar. Arrhes da arbun ta littattafan fiƙihu tushensu ɗaya, ta bi ta Girkanci da Latin ne kafin ta isa Faransa. Malikiyya, mazhabar mafi yawan mutanen zango, ta hana cinikin da mai sayarwa zai cinye arbun idan mai saye ya fasa, Hambaliyya kuwa ta halatta. Da aka karanta wa Alhaji sharaɗin da wannan suna, sai ya ce a dakata da sa hannu har ya ga malaminsa a Mamobi.