Uba ya iya lissafin kasuwa, me ke kayar da ɗansa a lissafin jami'a?

 Yau mun ajiye maganar duwan da farashin masara, ƴaƴanku da suka samu bak za su shiga jami'a su ne a gabanmu. Dalili kuwa shi ne wani alhaji mai sayar da albasa da ya kira mu a rediyo ransa a ɓace, yana cewa shi bai taɓa shiga lakwal ba amma yana juya naira zuwa sefa da ka kafin yaron shago ya gama danna salula, ga shi kuma ɗansa da ya ɗauki nauyinsa shekara goma sha uku ya faɗi lissafi tun zangon farko. Ya tambaye mu ko yaron ne daƙiƙi, ko malamai ne ke mugunta. Mu dai a ganinmu amsar na wani wuri daban, kuma wani ɓangare nata yana cikin shagon alhaji.

Bari mu fara da abin da ake koya musu, domin iyaye da yawa na zaton ƙidaya ce kawai mai manyan lambobi. Duk ɗalibin da ya shiga fannin kimiyya ko noma ko tattalin arziki sai ya gamu da darasin da ake kira analiz a nan gida, a Najeriya kuma kalkulas. Mu karatunmu a lise ya tsaya, amma mun zauna da masu koyarwa har muka kama kan zancen. Lissafi ne na abin da ke sauyawa. Direban kamyo da ya taso daga Maraɗi zai je Katsina, allurar da ke gabansa tana nuna masa gudun da yake yi a wannan daƙiƙa, wannan shi ne deribe. Idan aka tattara ƴan guntayen tafiyar da ya yi a kowace daƙiƙa har aka samu nisan hanyar gaba ɗaya, shi ne antegiral. Turawa biyu, Newton a Ingila da Leibniz a Jamus, su suka tsara wannan ilimi a ƙarni na 17, Leibniz ya buga nasa a 1684.

Ga misali daga kasuwarku. A ce kana cin ribar jika 2 a kowane buhu, kana sayar da buhu 40 ranar kasuwa, riba jika 80 ke nan. A ce kuma duk lokacin da ka rage dala ashirin a farashi sai ka ƙara sayar da buhu 4. Idan ka rage dala ɗari, ribar buhu ta koma jika ɗaya da rabi, buhu 60 sun fita, ka tashi da jika 90. Idan kwaɗayin ciniki ya ja ka har ka rage jika guda, buhu 80 za su fita, amma ribar ta dawo jika 80, ga ƴan dako ka biya, ga wahala ta ninka. To, a ina ya kamata ragi ya tsaya? Tsohon ɗan kasuwa yana gano wurin da shekaru da asara. Ɗalibi kuwa ana so ya rubuta ribar da haruffa, ya fitar da deribe, ya nuna cewa a dala ɗari ne ribar ta daina hawa, kuma ya faɗi dalilin da ya sa haka ne ko da an sauya albasa da siminti.

A nan ne tarko yake. Wanda ya fito daga bak C ko D ya riga ya ga deribe da antegiral a lise, saboda haka idan malami ya rubuta su a allo makon farko sai ya ce ai tsohon karatu ne, ya rufe kaye. A lise an koya masa yadda ake yi. A jami'a ana tambayarsa don me, ana so ya kawo hujja layi bayan layi, ya bayyana ma'anar limit da kalmomin da ba su da kwana. Kafin ya farga an yi nisa, kuma darasin kamar ginin tubali yake, sahun yau a kan na jiya yake zaune.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne da masu koyarwa suka ce mana ba sabon darasin ne ke kayar da yara ba. Tsohon bashi ne. Yaro bai ƙware a haɗa kashi da kashi ba, yana buɗe baka biyu ya manta alamar ragi, yana zaton idan an ninka a da b a haɗe da kansu za a samu a sau a da b sau b kawai, ya bar na tsakiya. Sinus da kosinus da logaritim ya haddace su ne don bak, ya zubar da su a ƙofar ɗakin jarrabawa. Wannan shi ne lissafin share fage, kuma ba wanda zai tsaya ya maimaita masa shi a anfi mai ɗaruruwan mutane.

Shawararmu ga ɗalibai ke nan. Hutun da ke tsakanin fitowar sakamakon bak da buɗe jami'a, a ware masa awa biyu kowace safiya a biya wancan bashi, da biro da takarda, domin lissafi ba ya shiga da kallo. Idan an fara karatu, kowace awa guda ta aji a bi ta da awa biyu a ɗaki a ranar, kada a bari sai Lahadi. Takardar aikin da ake rabawa a gwada ta kafin ranar gyara, ko da rabi za a iya, don wanda ya kwafi gyara daga allo yana zaton ya gane ne alhali hannunsa kawai ya yi aiki. A haɗa kai mutum uku ko huɗu, kada a wuce haka, in an wuce ya zama majalisar shayi. A nemi takardun jarrabawar shekarun baya tun watan farko. Wanda kuma zai tsallaka ya yi karatu a Katsina ko Sakkwato, ya san cewa har waƙafi yana sauya ma'ana: 1,500 a rubutun Faransanci ɗaya da rabi ne, a na Ingilishi dubu ɗaya da ɗari biyar.

Yanzu sai mu dawo kanku iyaye. Tun da ƙasashen UEMOA suka amince da tsarin LMD a 2007, karatu ya koma zango-zango, kowane zango maki 30 ake tarawa, sai an cika 180 a ba da lisansi. Zango ƴan watanni ne. Yaron da ake cewa Litinin da Juma'a ya tsare shago don kasuwar Maraɗi na ci, Lahadi kuma ya raka kaya Jibiya, kwana uku cikin bakwai sun tafi. Ɗiya mace kuwa ba a ma lissafa nata, daga anfi sai madafa. Mun san hujjarku, kuma ba ta banza ba ce: takarda ba ta ba kowa aiki, yaron da bai san kasuwa ba idan ya rasa aikin gwamnati ya rasa duka biyu. Haka ne. Amma kasuwa ba ta gudu, zai koye ta a hutu, kuma ita ma ba ta da tabbas. Kun ga yadda aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023 har zuwa Maris 2024, kun ga yadda naira ta zube a 2023 da 2024 jarin mutane ya narke a hannunsu. Ku auna da kanku: kuɗin yaron shago na wata huɗu, da kuɗin ɗaki da abinci da rajista na shekarar da za a maimaita, wanne ya fi nauyi?

Ba mu wanke jami'o'i ba. Cunkoso da yajin aiki sun sha cinye lokacin karatu, a zo a danne darasin wata huɗu cikin makonni, kuma ya kamata a ce ana shirya wa sababbin ɗalibai darasin share fage kafin a fara. Sai dai wannan ba ya hannunku yau, lokacin yaro kuwa yana hannunku.

Kuma kada wani ya ce wa ƴaƴanmu lissafi ba gadonsu ba ne. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine, ya rubuta littafi kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Abdou Moumouni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, a Tasawa aka haife shi a 1929, ya yi fice a kimiyyar hasken rana. Shi alhajin albasa mun ba shi amsa a shirinmu, ya ce zai ɗauki yaron shago zuwa ƙarshen zango, amma da sharaɗin kowace Juma'a bayan la'asar ɗan nasa ya kawo kayensa ya nuna masa shafukan da ya cika da hannunsa, ko da shi ba ya iya karanta su.