Rufi ɗaya ko ɗakuna goma: inda ya dace ayari ya sauka a Zanzibar

Duk ayarin da ya yi shirin tafiya hutu tare, ko dangi ne ko abokan makaranta ko abokan aiki, yakan ci karo da tambaya ɗaya bayan an gama maganar tikitin jirgi: a kama gida sukutum mai kuku da masu shara da mai gadi, ko a sauka a babban otal da ake biyan kuɗin kwana da ci da sha a dunƙule? Sau da yawa hotuna ne ke yanke hukuncin, alhali hoto ba ya nuna wanda zai yi cefane, wanda zai cike giɓin kuɗi, da wanda zai dawo gida da fushi. Ga dangi na jini, gida mai ma'aikata ya fi dacewa. Ga taron da ba jini ya haɗa shi ba, otal ya fi kiyaye mutunci. Tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, inda nau'ukan masaukin biyu suke kafaɗa da kafaɗa a gaɓar teku ɗaya, wuri ne mai kyau na gwada wannan magana.

Tsarin biyan dunƙule yana da tarihi, kuma tarihin yana bayyana wanda aka ɗinka wa rigar. A 1950 Gérard Blitz, ɗan ƙasar Beljiyam, ya kafa Club Med da tantuna a tsibirin Mayoka na Sifaniya, domin Turawan da suka fito daga wahalar yaƙin duniya na biyu su huta ba tare da taɓa aljihu a kowace sa'a ba. Tunanin ya yaɗu zuwa tsibiran Karibiyan, da Antaliya a Turkiyya, da Sharm el-Sheikh a Masar, da gaɓar Afirka ta Gabas. Asalin cinikin kuɗin goro ne: otal yana ƙiyasta abin da matsakaicin baƙo zai ci ya sha, ya ɗora wa kowa farashi ɗaya. Mai ci da yawa ya ci riba, mai ci kaɗan ya tallafa masa.

A nan ne iyalin Musulmi ke fara asara tun kafin su sauke kaya. A yawancin irin waɗannan otal-otal, barasa tana cikin abin da aka lissafa a farashi, haka ma kiɗan dare. Magidancin da ya biya wa mutum goma da ba sa sha ya sayi abin da ba zai taɓa ba, ya kuma rage wa maƙwabcin teburinsa tsadar abin da yake sha. Akwai otal-otal a Turkiyya, musamman yankin Alanya, da suka gina kasuwarsu a kan rashin barasa da ware wa mata wurin ninƙaya, amma a gaɓar Zanzibar mafi yawan manyan masaukai an tsara su ne domin baƙi daga Turai, duk da cewa mutanen tsibirin kusan dukkansu Musulmi ne.

Lissafin kuɗin kansa yana da fuska biyu. Otal yana sayar da gado ne a kan kowane kai, gida kuwa ana kama shi a kan kowane dare, ko mutum nawa suka kwana. A ƙaddara, domin misali kawai, iyali mai manya 10 da yara 4. Idan otal ya karɓi dala 150 a kan babba da rabin haka a kan yaro, kuɗin dare ɗaya ya kama dala 1,800. Idan gida mai ɗaki shida ya kama dala 900, cefane dala 300, mota da direba dala 100, an tashi a dala 1,300. Gida ya yi nasara da tazara. To amma a ce manya huɗu sun fasa tafiya ana saura mako biyu, kamar yadda aka saba gani a kowace hidimar dangi. Kuɗin otal zai iya sauka zuwa dala 1,200, idan sharuɗɗan fasawa sun ba da dama. Na gida ma zai tsaya a wajen 1,200, domin cefane ne kaɗai ya ragu. Ribar ta gushe, kuma kason kowane babba da ya rage ya tashi daga dala 130 zuwa 200. Arahar gida tana rataye ne a kan cika alkawarin mutane, shi ya sa ba a kama shi sai kowa ya zuba kasonsa tukuna.

Abin da gida ke bayarwa wanda otal ba ya iya sayarwa shi ne sutura. Matar da ba za ta shiga ruwa a gaban baƙin maza ba, a otal za ta yi mako guda tana kallon wurin ninƙaya daga nesa, ta biya kuɗinsa ba ta more shi ba. A gida mai katanga, sai a ware wa mata safiya, maza yamma, magana ta ƙare. Falo ya zama masallaci idan lokacin salla ya yi. Tsohuwa mai ciwon suga ko hawan jini a dafa mata nata daban, ba gishiri mai yawa, ba sukari. Wanda ya taho da garin kunu, yaji, kuka da daddawa ya miƙa wa kuku, a haɗa da kifin da aka kamo da asuba, da shinkafar kwakwa, da kanumfari da kirfa na tsibirin. Abincin otal kuwa, komai yawansa, yakan fara maimaita kansa daga kwana na uku ko na huɗu, kuma yana da lokacin buɗewa da rufewa da bai san jinjirin da ya farka da yunwa ƙarfe biyar na asuba ba.

Duk da haka, rufi ɗaya yana da nasa nauyin, kuma masu yabon gida sukan tsallake shi. Al'adar Bahaushe ta gina kunya tsakanin suruki da surukinsa, tsakanin matar ɗa da uwar miji. A gida na asali akwai zaure, akwai sassa, akwai hanyar kauce wa juna cikin ladabi. Gidan hutu na zamani yawanci falo ɗaya ne, teburin cin abinci ɗaya, baranda ɗaya. Amaryar da ba ta iya cin abinci a gaban surukarta za ta yi kwana bakwai a takure, a tafiyar da aka kira hutu. Saboda haka tambayar farko ga mai gida ita ce yadda aka rarraba ginin: sassa nawa ne, ƙofofi nawa, wuraren zama nawa. Gida mai ƙananan sassa biyu ko uku a harabar guda ya fi katafaren bene ɗaya dacewa da irin wannan iyali.

Nauyi na biyu shi ne aiki. Kuku yana dafawa, amma wani ne zai faɗa masa abin da zai dafa, ya ba shi kuɗin kasuwa, ya karɓi canji, ya sasanta mai son tuwo da mai son taliya. Idan ba a yi shiri ba, wannan aiki yana faɗawa kan mace ɗaya, galibi babbar ya ko matar wanda ya shirya tafiyar, ta koma uwar gida a ƙasar da ta je hutawa. Maganinsa a tsara jerin abincin mako tun daga gida, a aika wa manajan gidan, a naɗa ma'aji guda mai riƙe asusun cefane, a kuma raba kwanakin kula da kicin tsakanin maza da mata. Ayarin da ya kasa yin wannan ƙaramin shiri ya riga ya nuna cewa otal ne ya dace da shi.

Wannan ne ma dalilin da ya sa taron abokan aiki ko tsofaffin ɗalibai ya fi zama lafiya a otal. Dangi suna da babba da ake jin maganarsa, suna da tsohuwar al'adar mai hali ya rufa wa marar hali asiri. Abokai ba su da wannan. Wa zai kwana a babban ɗaki mai kallon teku, wa zai kwana a na bayan kicin, alhali kuɗi ɗaya suka biya? Wa ya ci ƙaguwa da jatan lande, wa ya tsaya a kan wake? Irin waɗannan ƙananan lissafe-lissafe sun isa su ɓata abotar shekara ashirin. A otal kowa yana da mabuɗinsa, kowa ya biya nasa, wanda ya gaji da hira ya shige ɗaki ba tare da an ce ya yi fushi ba. Ido wa ka raina, in ji masu iya magana, wanda kake gani kullum.

Akwai kuma batun kariya, inda otal ya fi ƙarfi a fili. Wutar Zanzibar tana zuwa ne ta wayar ƙarƙashin teku daga babban yankin Tanzaniya, kuma daga Disambar 2009 zuwa Maris na 2010 tsibirin ya yi kimanin wata uku cikin duhu da layin ya lalace. An ƙara sabon layi daga baya, amma ɗaukewar wuta ba ta zama tarihi ba. Babban otal yana da janareto, tankunan ruwa, masu gadi dare da rana, sau da yawa har da ma'aikacin jinya ko likitan da ake kira. A gida, kowanne daga cikin waɗannan sai an tambaya, an kuma gani a rubuce. Mafi haɗari shi ne wurin ninƙaya marar shinge a gidan da yara ƙanana ke yawo, inda kowane babba yake zaton wani ne ke lura. Haka nan kuɗin kafin alkalami: tura dubban daloli kai tsaye ga wanda aka sani a Instagram kawai caca ce. Biya ta kafar da ke riƙe kuɗi har baƙo ya iso, ko ta kamfanin da ke da rajista da ofis, ya fi ƙaramin rangwamen da ake yaudarar mutane da shi.

Wurin da masaukin yake ma yana sauya lissafi. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa yana janyewa nesa sosai idan teku ta ja baya, har mata masu noman ciyawar teku su shiga gonakinsu da ƙafa. Gidan da aka ce yana bakin ruwa zai iya wuni rabin rana yana kallon yashi. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, janyewar ba ta kai haka ba. Ruwan sama mai yawa yana sauka daga Maris zuwa Mayu, lokacin da farashi ke faɗuwa. Sannan tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta dala 44 a kan kowane babba, kuɗin da ba ya cikin farashin gida ko na otal.

Saura tambayar da matafiyi mai tunani bai kamata ya kauce mata ba: ina kuɗin ke tafiya? Baƙon da ya riga ya biya abincinsa na mako ba shi da dalilin fita ya ci a gari, don haka mai gidan abinci, mai tasi da mai sayar da 'ya'yan itace suna kallonsa ne ta bayan katanga. Wannan koke ya kai gwamnatin Gambiya ga hana tsarin biyan dunƙule a 1999, kafin ta janye haramcin ba da daɗewa ba. Gida mai ma'aikata yana tura kuɗin cefane kasuwar Darajani ko hannun masuntan ƙauye kowace safiya. Wannan ba ya wanke shi gaba ɗaya, domin gidaje da yawa na gaɓar mallakar baƙi ne, kuma wurin ninƙayarsu yana shan ruwan da ƙauyen ke buƙata. Amma wanda ya zauna a gida yana ganin fuskar mai yi masa hidima, yana sanin sunansa da lokacin da ya tashi aiki. Hakan yana ɗora masa haƙƙi: kada a tsare kuku har tsakar dare, kada a mayar da mai shara mai raino ba tare da yarjejeniya ba, kuma a ware kuɗin sallamarsu tun a kasafin farko.

Iyalin da suka haura mutum takwas ko goma, masu tsofaffi da mata masu son sirri, masu jagoran da ake saurara, waɗanda kuma kowa ya biya kasonsa kafin a kama wuri, su nemi gida mai sassa da janareto da shingen ruwa. Abokai, abokan aiki, da duk taron da adadinsa ke hawa da sauka har ranar tafiya, su kama ɗakuna a otal, su ɗauki ƙarin kuɗin a matsayin farashin dawowa gida ana gaisawa.